Daga Jambutun Garwa zuwa Jambutun Yola: Tarihin Kafa Hukumar Kiyaye Haɗurran Hanya

Gabatarwa

Akwai unguwa a yammacin garin Garwa, cikin ƙasar Kamaru, da ake kira Jambutu. Nan ne aka keɓe wa masana'antu, don haka ba a raba ta da manyan motoci, masu shiga da lodi da masu fita da shi, ga kuma 'yan babur suna kutsawa tsakaninsu da fasinja a baya. Idan mutum ya bi kogin Binuwai ya gangara, ya ƙetare iyaka zuwa Nijeriya, zai tarar da wata unguwar a Jimeta ta Yola, ita ma sunanta Jambutu, kuma a can babbar tashar mota take. Duk mai jin Fulatanci zai lura da kalmar jam, wato lafiya, a farkon sunan. Mutanen wuraren biyu dangin juna ne, Fulatanci da Hausa suke ciniki da su, direbobinsu ma sun san juna. Amma da zarar direba ya tsallaka iyaka, mutumin da zai ɗaga masa hannu a bakin titi ya canja. A ɓangaren Nijeriya akwai hukuma guda da doka ta ɗora wa alhakin kiyaye haɗurra, wadda jama'a ke kira 'yan Rod Sefti. A ɓangaren Kamaru kuwa an rarraba aikin ne tsakanin ma'aikatar sufuri da jandarmomi da 'yan sanda da ƙananan hukumomi.

Wannan takarda za ta bi diddigin yadda Nijeriya ta kai ga kafa tata hukumar, sannan ta waiwayi hanyar da Kamaru ta bi, domin ɗalibi ya ga abin da kowace dabara ta haifar a kan titi.

Yadda kaya suka baro ruwa da dogo suka hau kwalta

Kafin a yi maganar hukuma sai an san abin da ya cika hanyoyi da motoci. Garwa dai tashar jirgin ruwa ce tun zamanin Jamusawa, waɗanda suka kama garin a 1901. Da damina, idan Binuwai ya cika, jirage kan hauro daga bakin teku ta cikin Nijeriya, su sauke gishiri da siminti da man fetur, su ɗauki auduga da gyaɗa. Yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970 ya katse wannan zirga-zirga, kuma ba ta sake komawa yadda take ba, balle da aka gama dam ɗin Lagdo a 1982. Hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Duwala ta iso Ngaundare a 1974, a nan ta tsaya. Ma'anar wannan ita ce duk abin da za a kai Garwa da Marwa da Kusiri, har da kayan ƙasar Cadi, sai an juye shi cikin tirela ko tanka, an bi babbar hanya mai lamba 1. Tsakanin Ngaundare da Garwa akwai gangaren dutsen Mbe, inda titi ke saukowa daga tudun Adamawa yana lanƙwashe-lanƙwashe. Direban da birkinsa ya yi zafi a wannan wuri, sai dai a yi masa addu'a. A shekarar 1974 ɗin nan ne kuma aka kafa kamfanin auduga na SODECOTON mai hedikwata a Garwa, wanda shi ma motoci ne ke kwaso masa auduga daga ƙauyuka.

A Nijeriya abin ya zo da sauri fiye da haka. Ranar 2 ga Afrilu, 1972, ƙasar ta bar tuƙi a hannun hagu irin na Ingila ta koma hannun dama, domin ta yi daidai da maƙwabtanta rainon Faransa. Sai ga kuɗin man fetur. Ƙarin albashin Udoji na 1974 ya sa ma'aikaci ya sayi babur, wanda ya ɗan fi shi ya sayi mota. A 1975 aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna. Jirgin ƙasa, wanda ya ɗauki gyaɗar Kano shekara da shekaru, ya shiga ja da baya, kayansa suka koma kan gingimari. An shimfiɗa sababbin tituna masu santsi, aka sakar wa mutanen da yawancinsu a tasha suka koyi tuƙi, daga karen mota zuwa sitiyari. Lasin kuwa, mai kuɗi yana iya samunsa ba tare da ya taɓa zama a gaban mai jarrabawa ba. Haɗurra suka yawaita har abin ya zama labarin kullum a rediyo.

Yunƙurin farko

A 1974 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa wata hukuma ta ƙasa kan kiyaye haɗurra. Hukumar ba da shawara ce kawai, ba ta da mutanenta a kan hanya, saboda haka ba ta bar wani abin a-zo-a-gani ba. Aikin tsayar da mota ya ci gaba da zama a hannun 'yan sanda da ma'aikatan duba lafiyar mota na jihohi, waɗanda aka fi sani da VIO.

Yunƙurin da ya yi tasiri daga jiha ya fito. Hanyar Ibadan zuwa Ife ta yi ƙaurin suna wajen cin rayuka, kuma malaman Jami'ar Ife da ɗalibansu na cikin waɗanda take ci. Wole Soyinka, wanda ke koyarwa a can, yakan kwatanta hanyar da mayanka. Tun a 1965 ya wallafa wasan kwaikwayo mai suna The Road a kan rayuwar 'yan tasha da mutuwar kan hanya, wato dai abin ya daɗe yana ci masa tuwo a ƙwarya. Shi da wasu suka matsa, har gwamnatin soja ta jihar Oyo ƙarƙashin David Jemibewon ta kafa rundunar kiyaye haɗurra a 1977. Dabarar da aka bi ita ce haɗa ma'aikata masu albashi da 'yan sa-kai, mutane masu aikin yi da mutunci a gari, waɗanda za su ji kunyar miƙa hannu a ba su na goro. Waɗannan 'yan sa-kai kan fito su tare direba, su duba taya da fitila, su rubuta masa tara, kuma babban mutum ma ba ya tsira. Wasu jihohin suka fara kwaikwayo.

Sai siyasa ta shigo. A Jamhuriya ta Biyu jihar Oyo tana hannun jam'iyyar UPN, Bola Ige na gwamna, tarayya kuwa tana hannun NPN ta Alhaji Shehu Shagari. Wasu mutane masu kayan sarki, waɗanda ba sa karɓar umurni daga Sufeto Janar na 'yan sanda, suna tsayar da motoci a kan hanyoyin tarayya ana dab da zaɓe, wannan abu ne da gwamnatin tarayya ba za ta so ba. A 1983 aka dakatar da rundunar. Ya kamata ɗalibi ya riƙe wannan gardama, domin za ta sake dawowa: shin kiyaye haɗurra reshe ne na aikin ɗan sanda, ko kuwa sana'a ce mai zaman kanta?

Hukumar 1988

A watan Fabrairu na 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, FRSC a taƙaice, aka kuma ba ta ƙarfin doka da dokar soja mai lamba 45 ta wannan shekara. Soyinka, wanda ya karɓi kyautar Nobel ta adabi a 1986, shi aka naɗa shugaba, Dakta Olu Agunloye kuma ya zama kwamandan rundunar na farko. Mutane da yawa sun yi mamakin yadda mai sukar mulkin soja ya karɓi aiki daga hannun soja.  A shekarar da aka kafa hukumar, alƙaluman gwamnati sun nuna mutuwar mutum kimanin 9,000 a hanyoyin ƙasar.

An tsara ta hawa biyu: majalisa mai shata manufa, da runduna mai aiki a titi. An kuma ɗauko tsarin 'yan sa-kai na Oyo aka baza shi a ƙasa baki ɗaya, har yau suna nan. Dokar soja mai lamba 35 ta 1992 ta faɗaɗa ikonta. Ayyukan da aka ɗora mata sun haɗa da wayar da kan direbobi, da kwashe motocin da suka tare hanya, da kai ɗauki ga waɗanda suka yi haɗari, da tsara lasin tuƙi da lambar mota. Wannan na ƙarshe ya fi muhimmanci fiye da yadda ake zato. A da kowace jiha da irin nata lasin, direban da aka ƙwace wa nasa a Kaduna sai ya wuce Bauci ya yanki sabo. A farkon shekarun 1990 aka mai da lasin da lambar mota bai ɗaya a duk ƙasa.

Kai ɗauki ma sabon abu ne. A wancan lokaci matafiya kan ji tsoron ɗaukar wanda ya ji rauni, don gudun kada a riƙe su a caji ofis a matsayin shaidu ko ma waɗanda ake tuhuma, asibiti kuma ta ce sai an kawo takardar 'yan sanda. Mutum nawa ne jini ya ƙare wa a gefen titi ana tsaye ana kallo? Samun wasu ma'aikata da motarsu, waɗanda aikinsu ne su ɗauki majinyaci, ya rage wannan fargaba, ko da yake bai kawar da ita ba.

Gardamar 1983 ta dawo a 1999, lokacin da gwamnatin Cif Olusegun Obasanjo ta mai da hukumar ƙarƙashin rundunar 'yan sanda. Auren bai yi ƙarko ba. A ƙarshen 2003 aka raba su, Manjo Janar Haladu Hananiya, wanda ya riƙe ta a shekarun 1990, ya dawo kan kujerarsa. A 2007 Majalisar Tarayya ta yi mata sabuwar doka, Osita Chidoka ya karɓi jagoranci har 2014, Boboye Oyeyemi ya gaje shi har 2022. An tilasta ɗaura bel a mota daga farkon 2003, aka fito da lambar kiran gaggawa ta 122, a 2017 kuma aka fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar taƙaita gudu.

Hular kwano da ƙwarya

Idan ana son ganin iyakar ƙarfin doka, a dubi abin da ya faru da babur. Matsin tattalin arziki na tsakiyar shekarun 1980 ne ya haifi sana'ar acaɓa a Nijeriya, kuma a daidai wannan lokaci ta bazu a arewacin Kamaru, inda ake kiran ɗan acaɓa kilando. Baburan da man da suke sha duk ta iyakar Nijeriya suke shigowa. Man nan na bakin titi da ake sayarwa a kwalba, wanda mutanen Garwa ke kira zuwa-zuwa, shi ya riƙe sana'ar shekaru da dama, kafin cire tallafin mai a Nijeriya a watan Mayun 2023 ya tayar da farashinsa.

Ranar 1 ga Janairu, 2009, hukumar FRSC ta fara tilasta wa mai babur da fasinjansa sanya hular kwano. A hankalce babu abin ƙi a ciki, tunda raunin kai shi ke kashe yawancin waɗanda suka faɗi daga babur. Amma farashin hular ya yi tashin gwauron zabo cikin 'yan kwanaki. Fasinja suka ce ba za su sa hular da wani ya yi gumi a ciki ba, wasu suka ce ana iya yi wa mutum asiri da ita, masu rawani da mata masu ɗaurin kallabi su ma da nasu ƙorafin. Sai 'yan acaɓa a wasu garuruwan Arewa suka ɗaura ƙwarya da tsofaffin kwanoni a ka suka fito aiki, labarin ya zaga duniya ana dariya. Ba a jima ba dokar ta yi sanyi. A ganina kuskuren a tsarin aikin yake: an sa ranar kamu tun ba a tanadi hula mai araha ba, ba a kuma zauna da shugabannin 'yan acaɓa da malamai da masu unguwanni an ji ta bakinsu ba. Kamaru ta yi tata dokar 'yan babur ranar 31 ga Disamba, 2008, wato kwana guda kafin ta Nijeriya, tana neman lasin da inshora da hular kwano da rigar shaida. Wanda ya tsaya a kowace mararraba a Garwa na minti goma zai iya ƙirga masu hular da yatsun hannunsa.

A Kano, abin da ya kawar da acaɓa daga tsakiyar gari matsalar tsaro ce. Gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana goyo a babur a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, sai A Daidaita Sahu ta maye gurbi. Ita wannan gwamnati ce ta kafa hukumar KAROTA a 2012, kamar yadda Legas ta kafa LASTMA tun a 2000. Da haka tarihi ya zagayo inda ya faro a Oyo, jihohi sun sake fito da nasu masu kayan sarki. Direban da ya taso daga Yola zuwa Kano yanzu zai iya haɗuwa da ɗan sanda, da Rod Sefti, da VIO, da ma'aikacin jiha, kowa da tambayarsa. Ƙorafin karɓar na goro bai bar ko ɗaya daga cikinsu ba. A 2019 hukumar FRSC da kanta ta haɗa kai da hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC aka kama wasu ma'aikatanta a kan hanya.

Hanyar da Kamaru ta bi

Kamaru ta gaji tsarin Faransa, inda jandarma ke kula da hanyoyin bayan gari, ɗan sanda ke kula da cikin gari. Ma'aikatar sufuri ce ke ba da lasin, tana kuma da nata ma'aikatan rigakafin haɗurra, ma'aikatar ayyuka ce ke gina titi, 'yan babur kuma suna hannun magajin gari. A shekarun 1990 ƙasar ta fi mai da hankali ga lafiyar titin kansa. An kafa shingayen biyan kuɗin hanya, sefa 500 kowace mota, dokar 1996 ta kawo ma'aunin nauyin manyan motoci da asusun gyaran hanya. A 2001 ƙasashen ƙungiyar CEMAC suka amince da dokar hanya guda, wadda ta haɗa Kamaru da Cadi da sauran maƙwabta.

Abin lura shi ne 'yan lardin Binuwai biyu sun riƙe ma'aikatar sufuri: Issa Tchiroma Bakary, ɗan Garwa, daga 1992 zuwa 1996, da Bello Bouba Maigari daga 2009 zuwa 2011. A watan Yunin 2011 Bello Bouba ya hana motocin haya tafiya tsakanin garuruwa daga ƙarfe 9 na dare zuwa 5 na asuba, bisa hujjar cewa haɗurran dare sun yi yawa. 'Yan kasuwa masu kayan gwari da kamfanonin bas suka yi caa, ba a daɗe ba aka janye. Ga mutumin Arewa mai nisan tafiya, wanda zafin watan Afrilu ke fasa masa taya da rana, hana tafiyar dare ba ƙaramin abu ba ne. Wannan da labarin hular kwano ɗanjuma ne da ɗanjummai. Shekara goma bayan haka, ranar 27 ga Janairu, 2021, wata bas ta yi karo da motar da ke ɗauke da man fetur a gangaren Dschang da tsakar dare, mutum fiye da 50 suka ƙone.

A duniya kuwa ra'ayi ya karkata ga tsarin hukuma guda. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya suka fitar a 2004 ya sa wannan a matsayin shawara ta farko ga kowace ƙasa, wato a sami jagora ɗaya mai kasafin kuɗi, wanda za a tuhuma idan abu ya ɓaci. Gana ta kafa tata a 1999. Masu wannan ra'ayi sukan kawo Nijeriya a matsayin misali a Afirka, tunda ta riga rahoton da shekara goma sha shida.

Ƙidayar gawa

To, wace dabara ce ta fi ceton rai? A nan sai an yi hattara da alƙaluma. A 'yan shekarun nan FRSC kan bayar da rahoton mutuwar mutum dubu biyar zuwa dubu shida da wani abu a shekara, wato ƙasa da na 1988, duk da cewa jama'a sun ninka, motoci sun ninninka. Amma rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2018 ya ƙiyasta cewa waɗanda suka mutu a hanyoyin Nijeriya a 2016 sun kusa 40,000. A Kamaru ma haka: adadin gwamnati bai kai 2,000 ba, ƙiyasin ya kai kimanin 7,000. Idan aka auna da yawan jama'a, ƙiyasin Kamaru ya fi na Nijeriya muni, kusan mutum 30 cikin kowane 100,000, a Nijeriya kuma kimanin 21.

Dalilin wannan tazara sananne ne ga duk wanda ya zauna a ƙasar Hausa ko Adamawa. Idan babur ya buge yaro a ƙauye da safe, kafin la'asar an yi masa sutura, iyaye sun ce sun yafe, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ba a kira kowa ba, ba a rubuta komai ba. Wanda aka kai asibiti ya cika bayan mako biyu, ko wanda aka kai wa mai ɗori ya rasu a gida, shi ma ba ya shiga littafin haɗari. Haƙurin nan da yafiya abin yabo ne a zaman tare. Sai dai kwanar da ta ci mutum goma ba a rubuta ba, injiniyan da ke Yawunde ko Abuja ba zai san akwai buƙatar gyara ta ba.

Akwai kuma tambayar wa aka kafa hukumar dominsa. Rahoton duniya na 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya kowace shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya yawan mace-mace idan aka auna da jama'arta. Amma kusan duk kayan aikin hukumomin nan, lasin da bel da takardun mota da na'urar gudu, na mutumin da ke cikin mota ne. Mai tallar da ke bin bas da faranti a ka, almajirin da ke tsallaka titi da kwanonsa, mai tura kura, makiyayin da ke ƙetarar da shanu, ɗalibar da makarantarta ke ɗaya ɓangaren, waɗannan ba su da takardar da za a duba. Abin da zai kare su shi ne gefen titi na masu tafiya a ƙasa, da fitila, da tudun rage gudu, da kasuwar da aka janye daga bakin kwalta, kuma duk waɗannan suna hannun masu gina hanya da ƙananan hukumomi. FRSC ba ta gina titi, jandarma ma haka.

Ranar 15 ga Oktoba, 2024, wata tankar mai da ta taso daga Kano ta kife da dare a garin Majiya na jihar Jigawa. Jama'a suka fito da bokitai da jarkoki suna kwasar mai, wuta ta tashi, mutum fiye da 150 suka rasu, aka binne da yawansu a kabari guda. Wata uku bayan haka irin wannan ya sake faruwa a mararrabar Dikko ta jihar Neja. Kusan babu ko ɗaya cikin mamatan nan da yake cikin mota lokacin da abin ya auku. Irin waɗannan tankoki ne ke gangaro dutsen Mbe kowace rana, su ƙetare gadar Binuwai su shigo Garwa, wasu su sauke, wasu su wuce Kusiri.